Wutar da ke tutar Karasjok ba ta bauta ba ce

Ɗana, saƙonka ya iso tare da hoton. Gida kowa lafiya, mahaifiyarka tana gaishe ka.

Ka ce kun je Karasjok, can arewacin ƙasar Nowe, da 'yan ajinku, ka ga jar tuta mai wuta uku a ƙofar ofishin ƙaramar hukuma, ka sake ganin alamar a ƙofar motocinsu da allon shiga gari. Kana tambaya me ya kai garin da mutanensa ba su cika dubu uku ba ga yin tutar kansa, kuma ko wutar nan wani abin bauta ne da ya kamata Musulmi ya yi nesa da shi.

Na san abin da ya ɗaure maka kai. A wurinmu tuta abar mulki ce. Ka taso kana jin cewa Shehu Usmanu ya ba wane tuta, ya je ya kafa masarauta, don haka in ka ga ƙaramin gari ya kafa tasa sai ka ɗauka wani iko yake nema. A Nowe ba haka abin yake ba. Kusan kowace ƙaramar hukuma tana da tambarinta, zane ne a cikin siffar garkuwa, kuma shi ɗin dai ake shimfiɗawa a kan ƙyalle ya zama tuta. Aikinsa hatimi: a kan takardar ofis, a jikin motar kwasar shara, a bakin iyakar gari. A shekarun da na zauna a arewacin ƙasar, da allunan nan nake gane mun fita daga wata ƙaramar hukuma mun shiga wata, don hanyar duk fari ce fat, babu gida babu mutum.

Kuma ba a yin sa da ka. A da, kansiloli ne ke zaɓar zane, gidan adana takardun tarihi na ƙasa ya duba ya ba da shawara, sannan sarki ya amince. Da haka na Karasjok ya tabbata ranar 27 ga Yuni 1986. Daga baya ne aka sakar wa ƙananan hukumomi su yanke da kansu. Wani ma'aikacin gidan tarihin, Hallvard Trætteberg, shi ya tsaya kai da fata a kan cewa tambari ya zama abu ɗaya, launi biyu. Ɗaya daga launukan dole ya zama zinariya ko azurfa, waɗanda a kan ƙyalle suke fitowa rawaya ko fari, ɗayan kuma mai duhu irin ja ko shuɗi. Asalin ƙa'idar daga garkuwar mayaƙan Turai ne, wadda ake so a gane ta daga nesa. Ni dai wannan tsari ya kwanta mini. Dubi tambarin wasu ƙananan hukumominmu: fartanya, littafi, saniya, hannu biyu suna musabaha, ga dogon rubutu a ƙasa, in an buga shi a takarda sai ya koma dunƙulen tawada.

Sai maganar wuta. Karasjok tana cikin lardin Finnmark, a kan iyaka da Finlan, kuma mafi yawan mutanenta Sami ne, waɗanda tun kaka da kakanni suke kiwon barewar ƙanƙara, suna binta daga makiyayar sanyi zuwa ta zafi. A garin nan aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Nowe, digiri 51.4 ƙasa da sifili, ranar 1 ga Janairu 1886. A tsakiyar hunturu kuma rana ba ta fitowa gaba ɗaya har makonni. To mutumin da ke kwana a tanti a irin wannan wuri, me zai sa a gaba in ba wuta ba? Tantin nasu, lavvu, sanduna ne da aka haɗa kawunansu a sama aka bar ƙofar hayaƙi. A tsakiya an jera duwatsu, wuta tana ci, butar gahawa ta yi baƙi ƙirin tana rataye a kanta. An shimfiɗa ƙananan rassan itace a ƙasa, an ɗora fatun barewa, kowa ya zauna ya miƙe ƙafa. Nan ake dafa abinci, nan ake shanya takalmi, nan ake yanke magana. Wannan wutar suka zana. Sami suna da addininsu na gargajiya a da, mai ganguna da bokaye, amma yau galibinsu Kirista ne, kuma babu mai rusuna wa tambarin nan ko ya roƙe shi wani abu. Ka kwantar da hankalinka.

Sun kuma san ɗaya fuskar wutar. Tana cin tanti, tana cin dajin da ke kewaye da su. A 1944, da sojojin Jamus ke janyewa daga Finnmark, sun banka wa garuruwa wuta, Karasjok ma ba ta tsira ba. Tsohuwar cocinsu ta katako, ginin 1807, ita ce ta rage a tsaye.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne adadin. Wuta uku, biyu a sama ɗaya a ƙasa, kowace da harshe biyar, babu wadda ta fi wata girma. Suna nufin al'ummomi uku da ke zaune a wurin: Sami, da 'yan Nowe, da Kven, wato jikokin masu harshen Finlan da suka yi ƙaura zuwa arewacin Nowe ƙarnuka da suka wuce. Sami ne masu rinjaye a garin, da sun ga dama da sun sa abin da ke nasu su kaɗai. Maƙwabtansu na Kautokeino haka suka yi a 1987, lavvu na zinariya a kan shuɗi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma kada ka kalli wutar uku ka ɗauka dama can zaman daidai ake yi. Sama da shekara ɗari gwamnati tana tilasta wa yaran Sami da na Kven su bar harshensu a makaranta. Akwai tsofaffi a garin da aka yi wa haka, suna nan da ransu. Sai a 1989 aka buɗe majalisar Sami, a Karasjok ɗin, kuma a 1997 Sarki Harald ya tsaya a gabanta ya nemi gafara. Tambarin ya riga duka biyun. Shi ya sa nake ganin mutanen da aka danne, suka samu damar zana kansu, suka kuma bar wa sauran wuri daidai da nasu, sun yi dattako.

Kada ka haɗa ta da tutar Sami, wadda ita ma a 1986 aka amince da ita: ja, kore, rawaya da shuɗi, da zobe mai nufin rana da wata. Waccan ta dukan Sami ce, na Nowe da Suwidin da Finlan da Rasha, za ka gan ta ko'ina ranar 6 ga Fabrairu. In ka ga an sauke tutar ƙasa da ƙarfe 3 na rana a hunturu, ba rasuwa aka yi ba, ƙa'idar arewa ce daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a ɗaga da ƙarfe 10 a sauke da 3.

In an gayyace ka cikin lavvu, ka zauna inda aka nuna maka. Kada ka tsallake murhu, kada kuma ka taka wurin da ke bayansa, inda suke ajiye abinci. Tsofaffinsu ba sa son haka, ko da ba su ce maka komai ba.

Kawunka.