Ko Lezar Ɗigo-ɗigon Ido Na Jawo Gilakoma?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 56. Wasu baƙaƙen ɗigo da zare-zare suna yawo a idona na dama, an ce a yi mini leza. To amma hawan jinin ido (gilakoma) ne ya makantar da mahaifina. Shin aikin zai iya jawo mini ciwon?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yana iya jawowa, ko da yake ba kasafai ba, kuma tarihin mahaifinki dalili ne na yin taka-tsantsan.

Ɗigon da kike gani dunƙulewa ce a cikin ruwa mai kauri, kamar farin ƙwai, da ya cika bayan ido. Lezar da ake wannan aikin da ita, mai suna YAG, tana farfasa dunƙulen, wani ɓangare ya zama iska, saura ya zama ɓurɓushi. Shi kuwa ido yana da 'yar matatar ruwa a kusurwar gabansa, inda ruwa ke fita. Ana kyautata zaton ɓurɓushin ne da kumburi ke toshe ta, sai matsin ido ya wuce mizaninsa na 10 zuwa 21 mmHg (ma'aunin matsi), ya fara cin jijiyar gani. Abin da jijiyar ta rasa ba ya dawowa.

Gwajin da aka yi a Boston a 2017 kan mutum 52 bai ga wata babbar illa ba, sai dai wata 6 kawai aka bi su. A 2015 kuwa an ruwaito waɗanda matsin idonsu ya haura 40 bayan lezar, har ya kai ga tiyata.

Kafin a taɓa idon, ki nemi a auna matsinsa, a duba kusurwar da jijiyar, a gwada faɗin ganinki. Bayan aikin a sake aunawa kafin ki tafi gida, sannan bayan mako 1, wata 1, da kuma lokaci-lokaci har shekara, domin hawan yakan zo a makare ba tare da zafi ba. Idan an ba ki maganin ɗigawa na sitiroyid, shi ma yana ɗaga matsi ga wasu, kada ki wuce kwanakin da aka rubuta. Akan sauke matsin da maganin ɗigawa mai suna timolol, amma bai dace da mai asma ba.

Ciwon ido da amai, da'irar haske kewaye da fitila, walƙiya ko duhu daga gefe: a tafi asibiti a ranar.

A ganinmu, in ɗigon bai hana ki karatu ko tuƙi ba, ki ba shi wasu watanni tukuna, yawanci ƙwaƙwalwa kan daina lura da shi.