Mai, lemun tsami da ranar Garwa

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina sayar da man shafawa a babbar kasuwar Garwa ta Kamaru. Wata mai saye ta haɗa mai da ruwan lemun tsami, ta shafa, ta fita rana. Washegari wuyanta da bayan hannunta suka yi ja kamar ƙuna, daga baya suka yi baƙi. Ta ce laifin man ne, alhali a jikin kwalbar an rubuta da Faransanci cewa an gwada shi. Wane irin gwaji ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya.

Akwai sinadaran da ba ruwansu da fata muddin ana inuwa, amma da zarar wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVA ya same su, sai su fara kashe ƙwayoyin fata. Lemun tsami na ɗauke da irinsu, furokumarin, a ɓawo ya fi yawa. Alamun da kika bayyana sun yi kama da aikinsa sosai.

A ɗakin gwaji hanya biyu aka fi bi. Ta farko, wadda OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta amince da ita a 2004, ana rainon ƙwayoyin jikin ɓera ne a faranti biyu, a zuba musu sinadarin, a haska ɗaya, a bar ɗaya a duhu, sannan a kwatanta. Matsalarta ita ce ƙwayoyin cikin ruwa suke, mai kuwa ba ya narkewa a ruwa.

Shi ya sa ta biyun, ta 2021, ta fi burge ni. Ana rainon ƙwayoyin fatar ɗan Adam har su yi hawa-hawa, da busasshen saman nan irin na fatarmu, ɗan yanki da bai wuce farce ba. A shafa masa man, ya kwana, a haska wasu yankunan da fitila mai kwaikwayon rana, wasu a ɓoye su. Bayan wani kwanan sai a sa rini mai ruwan ɗorawa. Ƙwayar da ke raye tana mayar da shi shunayya. Idan rayayyun ƙwayoyi a wanda aka haska sun gaza na duhu da kashi 30 cikin 100, an kama sinadarin.

Sai dai Hajiya, rubutun "an gwada" ba lallai ne yana nufin wannan gwajin ba. Ko da an yi shi, man aka gwada yadda ya fito daga kamfani. Haɗin da ake yi a gida ko a rumfa babu wanda ya gwada shi, kuma wannan ne ke damuna, ganin irin ranarmu ta Maris da Afrilu.

Mai sayen ta daina haɗin, ta riƙa rufe wurin da mayafi idan za ta fita, kada kuma ta bi baƙin da man bilicin. Yakan ɗauki watanni kafin ya washe. Idan ya yi bororo ta je asibiti, ta gaya wa likita ko tana shan wani magani, domin doksisaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ma yana sa fata ta kasa jure rana.