Rada ta nuna ruwa a kaina, ni kuwa ko ɗigo ban gani ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da manhajar hasashen yanayi a waya, mai taswirar rada. Sau da yawa sai in ga launin kore ya rufe daidai inda nake, in leƙa waje in tarar da ƙasa a bushe ƙamas. Wata rana kuma ta ce yiwuwar ruwa kashi 30 cikin 100 ne kawai, aka kwana ana sheƙa shi. Manhajar ce ke ƙarya, ko ni ne ban iya karanta ta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da rada ke nuna maka shi ne ruwan da ke rataye a sama 'yan mintoci da suka wuce, ba wanda ke sauka a kanka yanzu ba. Yawancin ruɗanin da kake samu daga nan ya taso.

Amma fara tabbatar da cewa radar ce ma kake kallo. Ba ko'ina ake da tashar rada ba, kuma manhajoji da yawa kan cike gurbin da hoton tauraron ɗan'adam ko da lissafin kwamfuta, su bar sunan rada a jiki. Tauraron da ke tsaye a nisan kusan kilomita 36,000 daga ƙasa sanyin saman gajimare yake aunawa, sai a ƙiyasta ruwa daga nan. Babban hadari kuwa kansa kan baje ya yi rumfa ta kilomita gommai, alhali ruwan a wani ɗan yanki na ƙarƙashinsa yake zuba. Alamar ganewa ba ta da wuya: hoton rada na gaske yana da tsatstsaga da gefuna marasa tsari, kuma yana tsayawa a lokacin da ake ciki. In ka ga launuka sumul kamar an shafa fenti, ko ka ja sandar lokaci ta kai ka gobe, to hasashe ne.

Ita rada babban faranti ne da ke juyawa cikin wani farin ƙoƙo a kan hasumiya. Tana harba siginar rediyo gajere-gajere, ta saurari amsa-kuwwar da ke dawowa daga ɗigon ruwa, ƙanƙara ko dusar ƙanƙara. Lokacin da siginar ta ɗauka kafin ta dawo shi ke ba da nisa, ƙarfin abin da ya dawo kuma shi ake mayarwa launi. Ma'aunin ƙarfin ana rubuta shi dBZ. Bisa lissafin da aka saba amfani da shi, wanda ya samo tushe daga aikin masana kimiyya Marshall da Palmer na 1948, dBZ 20 yayyafi ne da bai kai milimita 1 a awa ba, 30 ya kusa milimita 3, 40 ya ɗan haura 11, 50 kuma ya doshi milimita 50 a awa, ruwa kamar da bakin ƙwarya ke nan. Daga 55 zuwa sama, fara zargin ƙanƙara. Galibi kore ne mai sauƙi, rawaya matsakaici, ja mai ƙarfi, amma kowace manhaja da nata tsarin, wata ma da shuɗi take farawa. Nemi ɗan jadawalin launuka da ke gefen taswirar ka duba lambobin, kada ka dogara da launi kawai.

Akwai wani abu game da wannan ma'auni da mutane ba su cika sani ba. Rada ta fi jin girman ɗigo fiye da yawansa, kuma bambancin ba kaɗan ba ne: in faɗin ɗigo ya ninka biyu, amsa-kuwwarsa na ninkawa sau 64. Saboda haka 'yan manyan ɗigo tsiraru kan haska taswira fiye da ƙananan ɗigo masu ɗimbin yawa waɗanda su ne za su fi jiƙa ƙasa. Haka ma ƙanƙara mai narkewa, wadda ruwa ya lulluɓe bayanta: rada na ganinta kamar wani ƙaton ɗigo, sai wurin ya yi ja wur fiye da ruwan da ke sauka.

Yanzu ga koren da ya rufe ka ƙasa tana bushe. Siginar rada ba ta bin doron ƙasa. Ko a kusurwa mafi ƙasa, wadda a tashoshi da yawa rabin digiri ce, tana tafiya tana hawa, ita kuma duniya tana lanƙwashewa tana guje mata. A nisan kilomita 100 daga tasha tsakiyar siginar ta kai tsayin kusan kilomita ɗaya da rabi. A kilomita 200 ta haura kilomita huɗu, faɗinta kuma ya wuce kilomita uku. To in kana nesa da tasha, abin da aka zana a kan unguwarku ruwan da ke can sama ne. Idan iskar da ke ƙarƙashin gajimaren busasshiya ce, ɗigon kan ƙafe a hanya bai iso ƙasa ba. Ka ɗaga kai a irin wannan rana, za ka ga wasu zare-zare masu toka-toka suna reto daga gindin gajimare sun tsaya a iska. Rada ba ta yi ƙarya ba, ruwan ne bai iso ba. Kishiyar haka ma na faruwa: yayyafi daga gajimare na ƙasa-ƙasa siginar kan tsallake ta samansa, taswira fes, kai kuwa kana jiƙewa. Don haka ka san inda tashar da ke ba ka hoto take da nisanka da ita. A ganinmu wannan ya fi komai amfani, kuma shi ne abin da manhajoji ba sa damuwa su nuna.

Wani koren kuma ba ruwa ba ne sam. Tsuntsaye, jemagu da ƙwari duk suna mayar da sigina. Garken tsuntsaye da ya tashi daga makwancinsa da asuba kan fito kamar zobe mai buɗewa. Gine-gine, duwatsu da injinan samar da lantarki daga iska kan bar tabo a wuri ɗaya kullum. A daren da gari ya yi tsit babu iska, ƙasa ta yi sanyi iskar sama kuma da ɗumi, siginar kan lanƙwaso ta bugi ƙasa, sai ka ga ɗige-ɗige barkatai kewaye da tasha waɗanda kan ɓace da rana ta ɗaga. Siririn layi miƙaƙƙe da ya nufi gabas da fitowar rana ko yamma da faɗuwarta, ranar ce da kanta ta shiga farantin. Gwajin duka ɗaya ne: kunna hoton ya motsa. Ruwa na tafiya da iska a dunƙule, yana girma yana raguwa. Na bogi kan tsaya cik ko ya yi ta ƙyaftawa. Sababbin radoji masu harba sigina a kwance da a tsaye lokaci guda suna gane siffar abin da suka buga, don haka suna tace yawancin wannan shara. Amurka ta kammala sanya wannan fasaha a radojinta na ƙasa a 2013.

Rada kuma tana da makanta. Dutse na tare abin da ke bayansa. Daidai saman tashar akwai wurin da farantin ba ya iya ɗaga kai ya gani. Sannan radoji masu gajeren zango, wato masu tsawon igiyar rediyo na santimita 5 da na santimita 3, siginarsu kan raunana in ta ratsa ruwa mai ƙarfi, sai hadarin da ke bayan na farko ya bayyana da sauƙi fiye da yadda yake. Masu zangon santimita 10 ba su cika samun wannan matsala ba.

Hoto ɗaya tak ba ya hasashen komai, motsi ne ke yi. Duba tambarin lokaci tukuna. Rada kan ɗauki wajen minti biyar kafin ta gama zagaye ɗaya na dukkan kusurwoyi, sannan a sarrafa a turo, saboda haka abin da ke hannunka kan yi minti biyar zuwa goma sha biyar da tsufa. Wasu taswirori da agogon duniya na UTC suke aiki, sai ka daidaita da na wurinku. Daga nan kunna hotunan awa ɗaya da ta wuce, ka zaɓi gaban hadarin, ba tsakiyarsa ba, ka auna tafiyarsa da ma'aunin nisa na taswirar. A ce ya ci kilomita 10 cikin minti 15, gudunsa kilomita 40 a awa ke nan. In yana kilomita 30 daga gare ka kuma kai ya nufo, minti 45 ne, ka cire tsufan hoton, ya rage kusan rabin awa. Iska mai sanyi da ƙura kan riga ruwan isowa, wani lokaci da kilomita da dama, don haka mai aiki a kan rufi ko tsani da ita zai yi lissafi.

Wannan lissafi yana aiki sosai ga dogon layin hadari mai tafiya a jere. Ga hadarin zafin rana da ke tasowa ɗaiɗai, ka yi hattara. Irinsa kan rayu minti 30 zuwa awa ɗaya ne kawai, yana iya mutuwa kafin ya iso ka, sanyayyar iskar da ya zubar kuma ta tayar da sabo a inda taswira take fes minti ashirin da suka wuce. Shi ya sa ake duba abu biyu: ina ɗaiɗaikun jajayen dunƙulen suka nufa, kuma ta wane gefe sababbi ke tsirowa. Ba lallai su zo ɗaya ba. Wanda ja ke ƙaruwa a cikinsa daga hoto zuwa hoto yana kan ganiyarsa; wanda ya baje ya koma kore mai faɗi ya fara mutuwa. Bayan awa ɗaya zuwa biyu, ƙiyasin tafiyar hadari daga hoton rada ya daina zama abin dogaro.

In manhajarka na da shafin gudun iska mai kore da ja kawai, kada ka karanta shi a matsayin ruwa. A can kore na nufin abin na matsowa wajen tashar, ja yana nisanta da ita. Ja da kore masu haske manne da juna a ɗan ƙaramin wuri alamar iska ce mai juyawa a cikin hadarin, abin da masu gargaɗin guguwa ke nema ke nan.

Sai batun kashi 30. Wannan lamba ba daga rada ta fito ba, daga manyan kwamfutocin lissafin yanayi take, irin GFS na Amurka da na cibiyar Turai ECMWF. Suna yanka sararin duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kilomita 9 zuwa 13 ko makamancin haka, hadari guda kuwa sau da yawa bai kai gida ɗaya ba. Suna iya cewa yau iska na da danshi da zafin da za su haifi hadari a yankin, amma ba za su ce a kan wane titi ba. Ma'anar kashi 30 ita ce: cikin kwanaki goma da aka yi irin wannan hasashe, ana sa ran ruwan da za a iya aunawa ya sauka a wurinka a uku daga ciki. Ba ta ce komai ba game da yawansa ko daɗewarsa. Daren da aka kwana ana sheƙawa ɗaya ne daga cikin ukun. In kana son ka san ko manhajar ta cancanci amana, sa ma'aunin ruwan sama a fili nesa da bango da bishiya, ka riƙa rubuta abin da ta ce da abin da ya sauka na wata biyu ko uku. Kuma in gargaɗin hukumar yanayi ta ƙasarku ya saɓa da na manhaja, bi na hukuma, domin can akwai mutum zaune yana haɗa rada, tauraro da rahotannin tashoshin ƙasa.

Rada ba ta ganin walƙiya. Alamun tsawa da wasu manhajoji ke ɗorawa daga wasu na'urori dabam suke zuwa. Aradu na iya faɗowa kilomita 10 ko fiye daga inda ruwa ke zuba, wato a wurin da taswirarka ba ta da launi ko kaɗan. Ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, ka raba da uku, ka sami nisan a kilomita. In bai kai daƙiƙa 30 ba, shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, kuma kada ka fito sai an yi minti 30 da jin tsawa ta ƙarshe.