Hukuncin biyan 'yar TikTok ta tallata kaya, da sayen mabiya, da yabon ƙawaye

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina sana'ar atamfa da leshi da turaren wuta daga gida a nan Kano. A Kantin Kwari nake sari, in ɗauki hoto in saka a WhatsApp da Instagram. Ciniki ya ja baya, sai ƙanena ya ce in biya wata 'yar TikTok mai tashe ta ɗaura atamfata ta ce a wajena take sayayya, in sayi mabiya dubu goma don shafina ya yi kwarjini, ƙawayena kuma su riƙa rubuta "nawa ya iso, ya yi kyau" a ƙasan hotunan. Ya kuma haɗa mini bidiyo da fuskar wani dattijo da ake ta yi wa dariya a intanet, ya ɗora sunan shagona a kai. Ina kuma son in yi rabon kyauta. Wanne ya halatta, wanne bai halatta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yar'uwa, Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Talla ita kanta ba laifi ba ce. Allah ya halatta ciniki a Suratul Baƙara aya ta 275, kuma ba mai saya sai ya san kina da kaya. Sanarwa a gidan rediyo da hoto a sitatus hukuncinsu ɗaya: abin da ake tallatawa ya zama halal, abin da aka faɗa a kansa ya zama gaskiya. Haka in kin biya Facebook ko Instagram su nuna hotonki ga mutanen Kano da kewaye, ba komai, don mutane na gaske ne za su gani, kuma ana rubuta musu cewa talla ce.

Biyan mai mabiya ya tallata kaya dillanci ne, dillanci kuwa sana'a ce da magabata suka sani. Imamul Bukhari ya ƙulla babi a kan ladan dillali, ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasanul Basri ba su ga laifinsa ba. In kin ce mata ta yi bidiyo biyu a kan kuɗi kaza, ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada sananne. In kin ce za ta samu la'ada a kan duk wanda ya saya ta dalilinta, ji'ala ce, wato ladan da ba a biya sai buƙata ta biya. A nan akwai abin da 'yan kasuwarmu ba su cika lura da shi ba. Imam Malik ya hana a ce wa dillali "sayar, kana da kaza a cikin kowane dinari" alhali ba a yanke farashin kayan ba, saboda bai san nawa zai samu ba. Hambalawa sun sauƙaƙa, malaman zamani da yawa sun bi su. Fita daga saɓanin ba wuya: ki yanke mata, misali naira ɗari biyar a kan kowane turmi, ku rubuta, kowa ya san nasa.

Inda matsalar take shi ne maganar nan ta "a wajenta nake sayayya". In ba ta taɓa sayen komai a wajenki ba, ƙarya ta yi, ke kuma kin biya kuɗi don a yi ƙarya. Kada wani ya ce ai kowa ya san talla ce. Da kowa ya sani da ba za ki biya ta ba. Matar da ke Kurna ko Hotoro ta turo miki kuɗi ba tare da ta taɓa yadin da hannunta ba, abin da ta dogara a kai shi ne wadda take kallo kullum ta ce ta gwada. Wannan yardar ce ake sayar miki, kuma yardar amana ce a wuyan mai tallar. Don haka abin da na tafi a kai, duk lokacin da masu kallo za su ɗauka shawara ce ta tsakani da Allah alhali biya aka yi, to ta faɗa musu talla ce.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan birnin nan, ya jera abin da bai halatta ba a ciniki: algus, yaudara, ɓoye aibi, cakuɗa marar kyau da mai kyau, da ɓoye abin da in an faɗa mai saye zai ƙi kayan ko ya rage kuɗi. Ki auna hotunanki da wannan. Atamfa mai ruwan toka a haska ta da fitila a ƙara mata filta ta fito shuɗiya shar, mai saye ta buɗe leda a gida ta ga wata aba daban. Shadda ta kwaikwayo a kira ta da sunan ta asali. Yadin da kin san yana zuba a wankin farko ki yi shiru. Annabi (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa ya cusa hannunsa, ya ji danshi a ciki, sama kuwa a bushe. Ya ce da mai shi me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, sannan ya ce: "wanda ya yi algus ba ya tare da ni." Muslim ne ya ruwaito. Gyara haske don kaya su fito yadda suke ba laifi. Gyaran da zai canza launi ko ya ɓoye aibi shi ne algus.

Yabon ƙawaye kuwa malamai sun daɗe da ba shi suna: najashi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) ya hana shi. Malik ya fassara shi da mutum ya taya kaya da tsada ba don zai saya ba, sai don wani ya bi sahunsa. Ƙawar da ta rubuta "nawa ya iso" alhali ba ta sayi komai ba aikin da take yi ke nan, ta nuna kasuwa na ci don baƙuwa ta yi sauri. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta ƙidaya amfani da kafafen saurare da kallo da karatu wajen ba kaya siffofin da ba su da su a cikin najashin zamani. A mazhabarmu ta Malikiyya, in mai kaya ya san da najashin, mai saye yana da zaɓin ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Wadda ta saya da gaske ta ji daɗi, ki roƙe ta ta rubuta, wannan shaida ce ta gaskiya. Amma kada ki baza hirarku da sunanta da lambarta sai ta yarda.

Sayen mabiya ma gidansu ɗaya. Wata mata ta tambayi Annabi (SAW) ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba, sai ya ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufa biyu ne na ƙarya. Dubu goman nan shafuka ne na bogi da aka buɗe don a yaudari mai shigowa. Ko ta fuskar duniya ma asara ce, ba sa sayen atamfa, kuma kamfanonin sun hana a dokokinsu, sukan share su.

Sai bidiyon dattijo. Hawa abin da ke tashe ba haramun ba ne a kan kansa. Wata magana da ta zama yayi a gari, ko barkwanci irin na Kanawa da Zazzagawa, in kin juya shi kin ɗora kayanki ba tare da batsa ko cin mutunci ba, ba na ganin laifi. Annabi (SAW) yana raha, sai dai ba ya faɗar komai sai gaskiya. Amma wannan bawan Allah mutum ne mai rai, yana da 'ya'ya da surukai, ƙila a sahun gaba yake sallah a unguwarsu. Suɓutar baki ya yi ko tuntuɓe, wani ya ɗauka ya watsa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu su yi wa wasu izgili, kuma yawan masu dariyar bai mayar da abin halal ba. Ke kuma za ki ƙara da cin riba da kunyarsa. Ki ce wa ƙanenki ya goge. Da a ce ɗan wasan barkwanci ne da ya fito da kansa, aka nemi izininsa aka biya shi, da magana ta canza.

Ki duba kuma wadda za ki ba wa kuɗin. In da rawa da bayyana tsiraici da zage-zage ta tara mabiyan, to kuɗinki na ƙarfafa ta a kan haka, Allah kuwa ya hana taimakekeniya a kan saɓo a Suratul Ma'ida aya ta 2. Irin wannan ce ta sa Hisba ta Kano ta kira 'yan TikTok zama a ƙarshen 2023. Akwai masu koyar da girki da ɗinki da kula da gida da ke da dubban mabiya cikin mutunci, kuma masu kallonsu su ne ma masu sayen atamfa. A nuna yadi a shimfiɗe ko a jikin mai suturta jikinta, ba sai an yi rangaji ba.

Rabon kyauta ya halatta in shiga ba ta buƙatar kuɗi, kamar ki ce a bi shafi a tura wa wasu. Sharaɗi ki bayar da gaske, ba ki sanar da ƙanwarki a matsayin wadda ta ci ba. In sai an biya kuɗin shiga, caca ce. In sai an sayi kaya, malaman da suka halatta sun ce kada a ƙara farashi saboda kyautar, kuma mai sayen ya zama yana buƙatar kayan dama, ba ƙuri'ar ce ta kawo shi ba.

Game da 'yar tallar, in kin samu ta kirki, ki aika mata turmi ɗaya da kwalbar turare tun kafin ku yi magana ta ƙarshe. Ta kai ɗinki, ta wanke, ta turara ɗakinta. Abin da ta gani shi za ta faɗa, ta kuma ce ke kika aiko mata kuma biyanta kika yi. In ta ce yadin ya zuba, ki mayar wa wanda kika sara a wajensa a Kwari, ko ki sayar a kan farashinsa kina faɗa wa mai saye. Wallahu a'alam.