Kun je Rumsiki, kun bar WhatsApp ya tauna hotunan

Tambaya: Malam, mu goma muka ɗauki shatar mota daga Marwa zuwa Rumsiki ɗaukar hoto. Kowa ya zuba nasa a zaurenmu na WhatsApp, muka goge na wayoyinmu don samun wuri. Na kai ɗaya a wanke mini babba, dutsen ya fito dishi-dishi. Yaya zan gyara? (Ɗalibi, Marwa)

Amsa: Ba ya gyaruwa, ƙanena. Kun sha ƙurar hanyar Mokolo, kun ga tsaunin Kapsiki ido da ido, sannan ku goma cif aka rasa mai cewa a dakata da gogewa!

WhatsApp ba ma'ajiya ba ce. Duk hoton da aka tura yadda aka saba sai ya matse shi don ya rage cin data. Hoto mai megabait 4 kan koma 'yan ɗaruruwan kilobait. A fuskar waya ba za ka lura ba, sai an buɗe shi a kwamfuta ko an buga a takarda asiri yake tonuwa. Abin da aka zubar kuma ya tafi ke nan. Manhajojin nan masu cewa suna "gyara" hoto ƙirƙiro abin da babu suke yi, har su sauya wa mutum hanci. Maɓallin HD na tura hoto mai inganci da WhatsApp ya ƙara a 2023 ya rage ɓarnar, amma shi ma yana matsewa.

Ni dokata ɗaya ce: ba a watsewa sai an haɗa hotuna. Kafin a hau mota, a zaɓi mai waya mai wuri, kowa ya tura masa ta manhajar Xender ko Quick Share, babu ruwansu da data ko sabis. In an riga an rabu, a tura ta wurin da ake tura takardu, nan WhatsApp ba ya taɓa komai, kuma yana ɗaukar har gigabait 2. Sai an kwafe su a kwamfuta ko filashi ake maganar gogewa. Yanzu dai kowa ya leƙa kwandon shara na galarinsa, wayoyi da yawa suna riƙe abin da aka goge har kwana 30.

Tambaya: Mun je kallon dorina a Kogin Binuwai a Garwa, na zuƙo ta da kyamarar Itel ɗina, ta fito kamar buhun gawayi. (Wata baiwar Allah, Garwa)

Amsa: Hajiya, wayarki yanka hoton take yi ta buɗa shi, ba matso da dorinar take yi ba. Ki tsaya a 1x, wato ba zuƙowa, ki yanke daga baya. Kada dai ki ce za ki taka ki matsa kusa da ita.

Tambaya: Hoton da muka yi gaba ɗaya a bakin madatsar Lagdo, fuskokinmu duk baƙi. (Mai karatu, Gidar)

Amsa: Kun ba rana baya. Ku juya, ko ku jira bayan la'asar. A taɓa fuskar mutum a allon kafin a ɗauka, a kuma goge idon kyamara da gefen riga, ƙurar hunturu ba ta raga wa kowa. Inda ka ga sojoji ko ginin gwamnati, mayar da waya aljihu.

Tambaya: Cajina kan ƙare kafin azahar idan mun fita daji. (Wani, Ngaundare)

Amsa: Wayarka neman sabis take ta yi. Kunna alamar jirgin sama, kyamara ba ta buƙatar MTN ko Orange.