Ɗaura ƙwaron gashi a ƙugiya: ina zan samo kayan a Zariya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Samaru ne, ina taɓa fatsa ranakun hutu. Na ga yadda Turawa ke ɗaure gashin tsuntsu a jikin ƙugiya ya fito kamar ƙwaro, su kama kifi da shi ba tare da tana ba. Na gwada da gashin kaza da zaren ɗinki, amma jifa biyu uku sai ya warware, wani kuma ya riƙa juyawa a ruwa yana murɗe mini igiya. Kayan da suke ambata ban san inda zan same su ba. Dole ne sai an yo odarsu daga waje? Kuma da wane samfuri zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba dole ba ne, kuma in za ka ji shawararmu, kada ka kashe ko sisi wajen odar gashi kafin hannunka ya faɗa. Abin da ke rikita mai koyo shi ne sunayen tsuntsayen da ake lissafa masa. Kifi kuwa girma yake gani, da siffa, da motsi, sannan launi. Kowane gashi aiki ɗaya yake yi cikin biyu: ko dai mai tauri ne da ke tsayawa ya tallafe ƙugiya a saman ruwa, ko kuma mai laushi ne da ke shan ruwa ya riƙa buɗewa yana rufewa kamar mai rai. Da zarar ka gane aikin da wani gashi ke yi a samfuri, za ka samu madadinsa a Kasuwar Sabon Gari.

Ka kuma sani cewa yawancin tsofaffin samfuran nan an ƙirƙire su ne saboda kifin tirawut da salmon, kifayen ruwan sanyi na Ingila da Sikotilan da Amurka. Babu su a kogin Galma, babu su a kogin Kubanni. Mu karfasa muke nema, da kawara, da tarwaɗa, in an dangana da manyan koguna kuma tsage. Don haka samfurin da ke kwaikwayon abincin da kowane kifi ya sani, wato tsutsar ruwa, ɗan kifi da ƙwaron da ya faɗo, shi ne namu.

Fara da ƙugiya. Yawancin na kasuwa an yi su ne don koto: gajeru, masu kauri, tsinin ya ɗan karkace gefe, wasu ma ba su da ido sai ɗan faffaɗan kai. Wannan karkacewar tana daga cikin abin da ke juya maka ƙwaro a ruwa. Nemi mai zagayayyen ido da doguwar sanda miƙaƙƙiya. In tsinin ya karkace, miƙe shi a hankali da filaya. Lambar ƙugiya a juye take tafiya: 14 ta fi 10 ƙanƙanta, 10 ta fi 6. Sayi 8 da 12, sun ishe ka wata uku. Ja tsinin a kan farcen babban yatsanka. In ya kama, da kaifi, in ya zame, sai ka wasa.

Zare kuma, bar na auduga, shi ke jiƙewa ya ruɓe. Ɗauki siririn zaren roba na teloli, ka ja shi sau biyu a kan kakin zuma kafin ka fara. Kakin ne ke sa shi kama ƙarfe. Zariya garin masu ɗinkin riga da hula ne, saboda haka zaren siliki na aiki kala-kala ba ya wuya, kuma shi ne ainihin abin da ake naɗa jikin tsofaffin samfura da shi. Siririyar wayar jan ƙarfe tana wurin masu naɗin kwayil na fanka da injin ruwa, tsohon kwayil ɗaya zai yi maka shekara. Zaren ulu na saƙa zai yi jiki. Man farce marar launi zai rufe ƙulli. Abin riƙe ƙugiya kuwa, filaya mai kulle da aka matse a gefen tebur ta wadatar.

Gashi shi ne inda ya kamata ka ɓata lokaci. Je wurin masu figar kaji da sassafe, ka roƙi a cire maka gashin wuya da na gadon baya a bushe, kafin a tsoma zakaran a ruwan zafi. Ruwan zafi na nannaɗe gashi ya kashe masa sheƙi. Kajin gidan gona ba su da amfani a nan, ƙanana ne, gashinsu bai ƙosa ba. Tsohon zakaran gida da ya haura shekara shi ne abin nema. Ga yadda ake gwadawa: ɗauki gashin wuya guda, lanƙwasa shi a kan yatsa ka ɗaga wajen haske. In silin suka miƙe ɗaiɗai kamar haƙoran mataji, suna ƙyalli, ba su manne da juna ba, mai tauri ne, na saman ruwa. In suka manne kamar ƙyalle, mai laushi ne, na ƙarƙashin ruwa. Kada ka zubar da ko ɗaya, raba su kawai. Haɗa da gashin zabo, da gashin wutsiyar talo-talo, da lallausan gashin da ke cinyarsa da ƙasan cikinsa. Wannan lallausan shi ne abin da shagunan waje ke sayarwa da sunan marabu. Asali daga babba-da-jaka ake samunsa, yanzu kuwa na talo-talo ne ake rinawa.

Wanke gashin da ruwan ɗumi da sabulu, ɗauraye, shanya a inuwa cikin tsohon gidan sauro don kada iska ta kwashe. In ya bushe sarai, zuba a leda mai zif da ƙwayar kafur ɗaya, domin asu na iya cinye tarin shekara cikin mako kaɗan. Kada ka taɓa gashin tsuntsun da ya mutu da kansa. Murar tsuntsaye a jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a Nijeriya, a 2006. Haka nan ka bar tsuntsayen daji su sha iska. Kwaɗayin gashin tsuntsaye masu wuyar samu ya ɓata sunan wannan sana'a: a 2009 wani matashi mai ɗaura ƙwaron salmon ya fasa gidan adana tsuntsaye na Tring a Ingila ya kwashe fatu 299. Alhali zabon da ke yawo a bayan gidanmu yana cikin kayan Jock Scott, ɗaya daga cikin shahararrun samfuran salmon na ƙarni na 19.

Samfurin da za ka fara da shi Woolly Bugger ne, wanda Russell Blessing ya ɗaura a jihar Fensilbeniya ta Amurka a 1967. Ba ya kama da wani ƙwaro guda, amma yana kama da abubuwa da yawa, kuma duk dabarun da za ka buƙata nan gaba suna cikinsa.

Matse ƙugiya lamba 8 ta wajen lanƙwasa, sandar a kwance. In kana so ya nutse, naɗa waya mai ɗan kauri sau 10 zuwa 12 a rabin gaba na sandar, ka bar fili kamar milimita 3 bayan ido. Wannan filin amana ne, kada komai ya shige shi sai a ƙarshe. Ɗora zare ka naɗe sandar gaba ɗaya, naɗi kusa da naɗi, har daidai saman ƙayar ƙugiya. Wannan shimfiɗar ita ce, ga dukkan alamu, ka tsallake. Gashin da aka ɗaure a kan ƙarfe tsirara dole ya zame ya warware, ko da an ja zaren har ya tsinke. Yanzu tsinko lallausan gashin talo-talo, ka jiƙa yatsa ka shafe shi ya haɗu, ka auna tsawonsa daidai da sandar ƙugiya. Riƙe shi a saman sandar da babban yatsa da manuni, ka shigar da zaren tsakanin yatsun a sake, sannan ka ja ƙasa kai tsaye. Yi haka sau biyu kafin ka saki. In ka ja zaren tun yana zagayowa, shi zai tura gashin ya koma gefe. Wutsiyar in ta fi haka tsawo, tana naɗewa a lanƙwasa, kifi kuma ya riƙa tsinkar ƙarshenta bai kai ga tsini ba.

A gindin wutsiyar ɗaura siririyar waya santimita 10 da ulu santimita 10. In ulun mai kauri ne, warware shi ka ɗauki sili biyu. Kai zaren gaba, naɗa ulun ya bi shi, ka ɗaure a bakin filin nan da ka bari, ka yanke saura. Zaɓi gashin zakara mai ɗan laushi wanda tsawon silinsa bai wuce faɗin bakin ƙugiya sau ɗaya da rabi ba. Fige bujin gindinsa, ɗaure shi ta gindi a gaba, ka naɗa shi baya sau 5 ko 6 da tazara daidai. Da ka isa wutsiya, kama ƙarshensa da wayar, ka naɗo wayar gaba tana gicciye ƙashin gashin, kana ɗan kaɗa ta don kada ta danne sili. Wayar nan ce ke hana haƙorin kifi warware aikin. Ɗaure ta a gaba, lanƙwasa ta gaba da baya har ta karye don kada ka dakushe almakashi. Yi ɗan kai da zare, zarga ƙulli huɗu, ɗiga man farce da bakin allura, sannan ka zura guntun gashi ta cikin ido ya share wanda ya shiga. Baƙi da ruwan ƙasa da kore mai duhu su suka fi aiki. In za ka rina farin gashi, lalle na ba da ja-ja mai kyau. Ɗauraye har ruwan ya fita fes kafin ka ɗaura.

Juyawar da ka ambata, bayan karkataccen tsini, gashi mai tsawo da tauri ne ke jawo ta, yana aiki kamar farfela. Rage naɗin, ko ka canza zuwa mai laushi.

Samfuri na biyu shi ne Pheasant Tail na Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a kudancin Ingila, wanda ya bayyana shi a littafinsa na 1958. Babu zare a cikinsa sam, waya ce da sili huɗu na wutsiyar wani tsuntsu mai kama da fakara. Wutsiyar talo-talo mai ruwan ƙasa za ta iya maye gurbinsa. A ƙugiya lamba 12 ko 14, naɗa waya ka tara ɗan tudu kusa da ido, koma baya ka ɗaure silin huɗu a bar ƙarshensu milimita 3 a matsayin wutsiya, murɗe su tare da wayar ka naɗo gaba, sannan ka ninka ragowar baya da gaba a kan tudun ka ɗaure. Siriri ake so, ya ratsa ruwa ya nutse da sauri. Don karfasa, wanda bakinsa ƙarami ne kuma ya fi son gansakuka da ƙananan tsutsotsi, wannan ya fi Woolly Bugger nesa ba kusa ba.

Partridge and Orange na arewacin Ingila ya fi duka sauƙi: jikin siliki ruwan lemo, da ƙaramin gashin wuyan zabo zagaye ɗaya da rabi a bayan ido. Fige gefe ɗaya na gashin kafin ka naɗa, domin na zabo ya fi na tsuntsun da ake yin asalin samfurin da shi yawa da tsawo.

Akwai kuma wanda ya kamata ka ƙirƙira da kanka. Bayan ruwan farko, shinge kan fito da yamma ya faɗa kan ruwa, fukafukansa a shimfiɗe, yana karkarwa, kawara da tarwaɗa su taso suna cafka. Yanko siririn soson silifa mai ruwan ƙasa santimita ɗaya da rabi, ɗaure shi a ƙugiya lamba 10 a wuri biyu, ka kwantar da ƙarshen farin gashin zakara guda biyu a bayansa, tsawonsu ninki biyu na jikin. Ba ya nutsewa, ba ya kuma buƙatar gashi mai tsada.

Saura jifa. Ƙwaron gashi ba shi da nauyi. A tsarin Turawa igiyar ce mai nauyi, ita ke ɗaukarsa. In ba ka da irin sandarsu, samo gora mai tsawon mita 3 zuwa 4, ɗaura igiyar fatsa daidai tsawonta a kai, ka riƙa ajiye ƙwaron a gefen ciyawa kana ɗan girgiza shi, kamar yadda masuntan duwatsun Japan ke yi. Ko kuma ka ɗaura toton kara mita ɗaya sama da ƙwaron, ya ba ka nauyin jifa. Ido kifi ke bi a wannan fatsa, don haka tsakiyar damina, lokacin da ruwa ya yi ja, fatsa da tana ita ta fi. Daga Nuwamba zuwa faɗuwar ruwa, da sanyin safiya da la'asar sakaliya, shi ne lokacinka. Nemi izinin masu kula da wurin kafin ka jefa a madatsar ruwa, ka kuma tsaya a gaɓa, domin kwantaccen ruwa gidan tsargiya ne. Ranar da ka nufi tsage, sa waya santimita 10 tsakanin igiya da ƙugiya, in ba haka ba cizo ɗaya zai tafi da ƙwaron.