Amsa: Yadda ake buga wasan allo mai ramuka da ƙwallayen gilashi

Malama Hadiza, kin ce an kawo wa yara allo mai ramuka da ƙwallayen gilashi da dais, amma babu takardar bayani. Ina kyautata zaton Aggravation ne, ɗan'uwan lido. In kin iya lido, kin gama rabin aiki.

Kowa ƙwallo 4 ne nasa, launi ɗaya. Ƙwallo ba ya fitowa daga wurin farawa sai an jefa 1 ko 6, kuma mai 6 zai sake jefawa. Ana zagaya allon ne yadda hannun agogo ke tafiya. Kika sauka ramin da ƙwallon wani yake, kin cinye shi, sai ya koma farko. Naki kuwa ba a tsallake shi.

Ramin tsakiya ne ke haɗa rigima. Gajeriyar hanya ce, amma sai lissafi ya faɗa daidai ake shigarsa, fita kuma sai da 1. Na taɓa zama ciki ina jefawa har autanmu ya zo ya kore ni yana ƙyalƙyala dariya. Ni dai yanzu ba na shiga sai an bar ni a baya sosai.

Wanda ya fara shigar da huɗunsa gida, wato ramukansa na ƙarshe bayan zagaye, da lissafi daidai, shi ya ci.